Tambayoyi da amsoshi kan ƙarin jini ga wanda ya ji mummunan rauni

Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren gaggawa na wani asibiti a Jidda, sashen da mutanenmu na nan suka fi sani da ɗawari. Da yake ina jin Hausa, duk sanda aka kawo wani namu, mazaunin Makka ne ko alhajin da ya zo Umara, ni ake kira in tsaya tsakanin likita da dangi. A bakin ƙofar nan na sha jin tambayoyin da ke ƙasa, wasu cikin kuka, wasu cikin fushi, kuma a wannan lokacin babu sararin amsa su yadda ya kamata. Shi ya sa na zauna na rubuta. Maganata a kan wanda ya ji rauni yake zubar da jini mai yawa ce: haɗarin mota a hanyar Madina, faɗowa daga gini, sara ko suka. Ƙarin jinin mai sikila ko mai ciwon ƙoda babi ne daban.

Jini nawa ne a jikin mutum, kuma nawa ne idan ya zuba rai ke shiga haɗari?

Babban mutum yana ɗauke da kimanin lita 5. Idan rabin lita ya fita jiki ba ya ko girgiza, kusan abin da ake ɗiba ke nan daga mai ba da gudummawa. Daga lita ɗaya da rabi zuwa biyu zuciya za ta kama gudu, hannu ya yi sanyi, mutum ya riƙa neman ruwa yana magana ba kan gado. Da zarar abin ya haura kashi 40 cikin 100, wato sama da lita 2, lissafin ya koma na mintoci.

Matashi mai ƙarfi shi ya fi yaudarar mutane. Jikinsa yana matse jijiyoyi ya riƙe ƙarfin bugun jini, wanda ake ce wa bifi, har ka gan shi zaune yana cewa a miƙo masa wayarsa. Sai can ya sulale gaba ɗaya.

Ba mu ga jini a rigarsa ba. Ina jinin da ake cewa yana zuba?

A ciki. Ƙirji, ciki, ƙugu da cinya duk suna iya shanye jini mai yawa ba tare da ɗigo ɗaya ya fito waje ba. Karayar ƙashin cinya kaɗai kan ci lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, karayar ƙugu kuma ta fi haka nesa. Saifa ko hanta idan ta tsage, jinin cikin ciki yake taruwa. Wannan ne dalilin da za ku ga likita ya shafa wa cikin wani abu mai yauƙi yana zagaya na'urar hoto a kai tun majinyacin yana kan gadon turawa, ko ku ga an ɗaure masa ƙugu tamau da wani faffaɗan ɗamara.

Me zai hana a yi masa ƙarin ruwa kawai?

Wani dattijo ya taɓa riƙe min hannun riga ya ce, 'yata, a gida ruwa ake sa wa mutum ya tashi, me ya kai ku ga jinin wani? Na ce masa, Baba, ruwan ledar nan ruwan gishiri ne. Yana cika jijiya, amma ba ya ɗaukar iskar oksijin zuwa ƙwaƙwalwa, ba ya kuma daskarewa ya toshe rauni.

Shekarun baya haka ake yi a ko'ina: a ɗura wa mai rauni lita biyu, uku, huɗu na ruwa kafin a fara maganar jini. Daga baya aka gane ana tsinka ɗan jinin da ya rage masa ne, kamar kunun da aka yi ta zuba wa ruwa har kaurinsa ya tafi. Ga shi ruwan yana shiga da sanyi, yana kumbura huhu da hanji, yana kuma ƙara wa jini tsami. Darasin ya fito sosai daga asibitocin sojan Amurka a yaƙin Iraƙi da Afganistan, inda aka lura cewa waɗanda aka ba ruwan jini da wuri tare da jajayen ƙwayoyi sun fi tsira. Yau ƙa'idar ita ce wanda ya zubar da jini, jini ake mayar masa. Ruwan gishiri ɗan kaɗan ake sawa, a riƙe shi kafin ledar farko ta iso.

Mun ga ana rataya leda ja, da mai ruwan ɗorawa, da wata ƙarama. Duk jini ne?

Duk jini ne, raba shi aka yi. Idan mutum ya ba da jini, bankin jini yana juya ledar a inji ta rabu gida uku. Ja ɗin jajayen ƙwayoyi ne masu ɗaukar oksijin, ana ajiye su a sanyin digiri 2 zuwa 6, suna kaiwa kwana 35 zuwa 42. Mai ruwan ɗorawa ita ce filasma, ruwan jini mai ɗauke da sinadaran daskarewa. A ƙanƙare ake ajiye ta har shekara, kuma narkar da ita kan ci minti 20 zuwa 30. Ta ukun ita ce falatilet, ƙananan ƙwayoyin da ke fara manne bakin rauni. Ita ce mai wuyar sha'ani: ba ta shiga firij, a kan wani faranti mai jijjiga take kwana, kuma kwana 5 zuwa 7 kawai take yi.

Mai zubar da jini duka ukun yake rasawa, don haka duka ukun ake mayar masa, kusan ɗaya da ɗaya da ɗaya. An gwada wannan a wani bincike mai suna PROPPR da aka buga a 2015, a kan majinyata 680 a manyan asibitoci 12 na Arewacin Amurka. An ba wasu ɗaya da ɗaya da ɗaya, wasu kuma aka ninka musu jajayen ƙwayoyin. A jimillar mutuwa bambancin bai kai a kafa hujja da shi ba. Amma waɗanda zubar jini ya kashe a awa 24 na farko sun kai kimanin kashi 15 cikin 100 a rukuni na biyu, a rukuni na farko kuwa kimanin kashi 9. A kan wannan yawancin asibitoci suka gina tsarinsu.

Akwai kuma masu komawa ga cikakken jini wanda ba a raba ba, na rukunin O, musamman sojoji da wasu asibitocin Amurka. A ganina akwai hikima a ciki, leda ɗaya ta ɗauko komai, sai dai abin ya danganta da abin da bankin jinin wurin zai iya tanada.

An ce an sa masa leda goma sha biyu. Ba ta yi yawa ba?

Tana da yawa, amma ba a banza aka sa ba. Tsohon ma'aunin likitoci shi ne leda 10 ta jajayen ƙwayoyi a cikin awa 24, daga nan an shiga abin da ake kira ƙarin jini mai yawa. Asibitoci suna da tsari na musamman dominsa. Likita zai ɗaga waya ya faɗi kalma ɗaya, bankin jini ya fara turo akwatin sanyi bayan akwati ba tare da jiran takardar kowace leda ba, har sai an ce ya isa. Muddin ramin bai toshe ba, abin da aka zuba yana fita. Na ga wanda aka sauya masa jinin jikinsa kaf, ya kuma fita da ƙafarsa bayan 'yan makonni.

Yaya aka sa masa jini alhali ba a gwada rukuninsa ba?

Cikakken gwajin dacewa yana cin kusan minti 45, wanda ke zubar da jini kuwa ba shi da su. Sai a fara da jajayen ƙwayoyi na rukunin O, waɗanda jikin kowa ke karɓa. O negatif ba shi da yawa, saboda haka ana tattala shi domin 'yan mata da matan da ke shekarun haihuwa, don kada jikinsu ya ƙirƙiri abin da zai yaƙi jinin jariri a wani ciki na gaba. Maza da tsofaffin mata ana iya fara musu da O fozitif. A filasma lissafin juyawa yake yi, AB ce mai shiga jikin kowa. Kafin ledar farko ta shiga muna ɗibar jininsa a kwalba mu aika, da sakamako ya fito a koma ba shi irin nasa.

Bifinsa 85 ne, kuma likita ya ce a bar shi haka. Ba sakaci ba ne?

Ba sakaci ba ne. Idan tiyo ya huje ka liƙa masa abu, ba ka buɗe famfo gaba ɗaya sai liƙin ya kama. Gudan jinin da ya fara toshe rauni ba shi da ƙwari, ƙarfin bugu zai iya ɓalle shi. Don haka ake riƙe lambar sama tsakanin 80 da 90 har likitan tiyata ya ɗaure jijiyar. Banda wanda ya bugu a kai: ƙwaƙwalwar da ta kumbura tana buƙatar bugu mai ƙarfi kafin jini ya ratsa ta, shi ana ɗaga masa. Tsoho mai hawan jini ma ana duba nasa daban.

A zafin Jidda, me ya kawo bargo da na'urar ɗumama jini?

Wannan ita ce tambayar da na fi son amsawa, domin a nan ne dangi da masu wucewa za su iya taimakawa ko su cutar ba su sani ba. Jini ba ya daskarewa da kyau a jiki mai sanyi. Wanda ya zubar da jini jikinsa ba ya iya haɗa ɗumi, ga shi an yanke masa tufafi, ga iyakwandishan, ga ledar da ta fito daga firij. Idan zafin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35 sinadaran daskarewa sun fara kasala. A lokaci guda gaɓoɓin da ba su samun oksijin suna zuba tsami a jini, tsamin kuma yana ƙara hana daskarewa, rashin daskarewa ya ƙara zubar jini, zubar jini ta ƙara sanyi. Abu uku ne ke tura juna, kuma kusan ɗaya cikin huɗu na masu mummunan rauni suna isowa asibiti jininsu ya riga ya fara ƙin daskarewa.

Na huɗunsu kalsiyam ne. Sinadarin da ke hana jini daskarewa a cikin leda yana kama kalsiyam ɗin jiki, alhali zuciya da daskarewar jini duk suna buƙatarsa. Shi ya sa za ku ga ana yi masa allurar kalsiyam tsakanin leda da leda.

Sau da yawa ana kawo mana mutum jiƙe sharkaf, an kwarara masa ruwan sanyi a bakin titi wai don ya farfaɗo. Niyyar mai kyau ce, amma don Allah a daina. Inuwa za a yi masa, a lulluɓe shi.

Wace allura ce ake cewa sai cikin awa uku?

Sunanta tiranekzamik, ma'aikata na ce mata TXA. Tana hana jiki narkar da gudan jinin da ya riga ya haɗa. An gwada ta a binciken CRASH-2 na 2010, a kan mutum sama da 20,000 a ƙasashe 40, har da Najeriya, mutuwa ta sauka daga kashi 16 cikin 100 zuwa 14.5. Da aka sake duba alƙaluman sai aka ga amfaninta ya fi yawa a awar farko, bayan awa 3 kuma babu amfani, tana ma iya cutarwa. Giram ɗaya ake sawa cikin minti 10, sannan wani giram ɗin a hankali cikin awa 8. Ba ta da tsada. Abin da muke buƙata daga gare ku shi ne lokacin da abin ya faru. Ko da "ana kiran sallar la'asar" kuka ce, ya wadatar mu lissafa.

An fito da shi daga tiyata, an ce ba a rufe cikin ba, za a sake shiga. Aikin bai yi ba ne?

Da gangan ne. Jikin da ya yi sanyi ya yi tsami ba zai jure aikin awa shida ba. Likita yana shiga ya ɗaure abin da ke zuba, ya cusa ƙyallaye su danne hanta, ya rufe na wucin gadi. A ɗakin kulawa ta musamman a ɗumama shi, a gyara jinin, bayan kwana ɗaya ko biyu a koma a kammala gyaran.

Ga mu nan danginsa. A ɗebi namu a sa masa yanzu mana.

Wani dare wata Hajiya ta iso da 'ya'yanta maza huɗu, ƙaninsu na ciki. Kowannensu ya naɗe hannun jallabiya tun daga bakin ƙofa. Ta ce min, ga jininsa nan na kawo, uwa ɗaya uba ɗaya. Ban taɓa mantawa da fuskarta ba lokacin da na ce mata ba za a iya sa masa nasu a daren ba.

Jinin da aka ɗiba yanzu sai an gwada shi, an raba shi, an yi masa lamba, kuma wannan aikin awoyi ne, wani lokaci sai washegari. Ban da haka, jinin ɗan uwa na jini yana da wani haɗari nasa: fararen ƙwayoyin da ke cikinsa suna kama da na majinyacin har jikinsa ya ƙyale su, su kuma su juya su far masa. Abin ba ya yawan faruwa, amma idan ya faru da wuya a tsira, shi ya sa sai an haska irin wannan jinin da wata na'ura kafin a sa. Miji ma ba a so ya ba matarsa da ke shekarun haihuwa, saboda cikin da za ta ɗauka nan gaba.

Ledojin da suka riƙe ran yaron nan a daren, wasu mutane ne da ba su san shi ba suka bayar kwanaki kafin ya hau motar. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yayyensa huɗu sun ba da nasu da safe, aka mayar da gurbin abin da aka ɗauka, wani ɗan wata kuma ya samu.

Ba zai ɗauki cuta ta jinin ba?

Kowace leda ana gwada ta don ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da C, da tunjere, ana kuma tantance masu bayarwa saboda zazzaɓin cizon sauro. Haɗarin bai zama sifili ba, amma ya yi ƙanƙanta ƙwarai idan aka gwada shi da na barin mutum ya ƙare da zubar jini. Abin da mu ma'aikata muka fi tsoro shi ne a sa wa wani ledar wani. Shi ya sa mutum biyu ke karanta lambar abin hannun majinyaci da ta leda da babbar murya, ko da ana gudu. Idan kun ga zazzaɓi, rawar ɗari, ƙaiƙayi, wahalar numfashi ko fitsari ya yi duhu ana cikin ƙarin jini, ku kira mu nan take.

Mene ne hukuncinsa a addini? Wanda aka sa wa jinin mace ya zama muharraminta?

Malaman ƙasar nan sun halatta bayarwa da karɓa idan akwai buƙata, suna kafa hujja da lalura da kuma ayar Suratul Ma'ida mai cewa wanda ya raya rai ɗaya kamar ya raya mutane ne baki ɗaya. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya da ke Makka, a zamanta na shekarar 1409 bayan Hijira, wato 1989, ta yanke cewa ƙarin jini ba ya ɗaukar hukuncin shayarwa, ba ya haramta aure, ta kuma hana sayar da jini. Jini ba shi da ƙabila: na Bafilibine yana shiga jikin Bahaushe, na Bahaushe yana shiga na Balarabe.

Kafin motar is'af, wato motar ɗaukar marasa lafiya, ta iso, me zan yi?

Kira 997, lambar hukumar agajin gaggawa ta Hilal Ahmar, ko 911 a yankin Makka. Kada tunanin iƙama, wato takardar izinin zama, ko na kafili, ubangidan da ya tsaya wa mutum, ya sa a ɓoye mai rauni a ɗaki ana jiran dare. Na ga abin da wannan jiran ke jawowa, kuma ba na so in sake gani.

Samu ƙyalle mai tsabta, ko haramin ihrami ne ko ɗankwali, ka danna kan raunin da dukkan ƙarfinka, kada ka riƙa ɗagawa kana leƙawa. Idan ya jiƙe ɗora wani a kai. Rami mai zurfi a cusa masa ƙyallen ciki a danne. Idan hannu ne ko ƙafa jini yana tsartuwa ya ƙi tsayawa, ɗaure sama da raunin da ƙyalle mai faɗi, ka sa sanda ka murɗa har jinin ya tsaya, ka riƙe lokacin a ka, kada ka kwance. Wuƙa ko ƙarfen da ya shige a bar shi inda yake. Kada a zuba garin gahawa, toka ko man goge baki. Kada a ba shi ruwa ko abinci ko ya roƙa, saboda tiyata; a jiƙa masa leɓe kawai.

A asibiti kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ku faɗa mana idan yana shan maganin tsinka jini irin su warfarin ko asfirin, idan tana da ciki, idan mai sikila ne, ko an taɓa yi masa ƙarin jini ya ba shi matsala.

Ya farfaɗo, an ce jininsa 8 ne, amma an ƙi ƙara masa. Don me?

Da zarar zubar ta tsaya lissafi ya sauya. Bincike tun daga 1999 ya nuna cewa yawancin majinyata ba sa ƙaruwa da komai idan aka yi ta ƙara musu jini alhali himogulobin, sinadarin jajayen ƙwayoyi da ake auna yawan jini da shi, bai sauka ƙasa da 7 ba, kowace leda kuma da nata haɗarin. Mai ciwon zuciya ana ɗan ɗaga masa ma'aunin. Sauran jiki ne zai gina da kansa cikin makonni. Vimto da zoɓo launin jini kawai gare su. Hanta, jan nama, wake, ganye, da ƙwayar sinadarin ƙarfe idan likita ya rubuta, su ne kayan aikin.

Ina so in bayar. Ta ina zan fara?

Je bankin jini na asibiti mafi kusa da katin shaidarka, ko ka duba manhajar Wateen, tana nuna wuraren bayarwa. Ana so nauyinka ya kai kilo 50, kana cikin ƙoshin lafiya, ka ci abinci ka sha ruwa. Za a ɗibi kimanin mililita 450, ɗibar kanta ba ta wuce minti 10 ba, ruwan jinin yana dawowa cikin kwana ɗaya ko biyu, jajayen ƙwayoyi cikin 'yan makonni. Idan ba ka daɗe da dawowa daga Kano ko Damagaram ba za a iya ce maka ka dakata zuwa wani lokaci saboda zazzaɓin cizon sauro. Kada ka ji haushi, ka tambayi ranar da za ka dawo.

Jininmu yana da wata daraja ta daban. Bayan A da B da O akwai ƙananan rukunoni da suka fi yawa a tsakanin 'yan asalin Afirka ta Yamma, kuma yaranmu masu sikila da ake yi wa ƙarin jini a kai a kai sun fi samun wanda ya dace da su daga irinmu. A watan azumi masu bayarwa suna raguwa, ga garin cike da baƙi, falatilet kuma ba ta jiran Sallah. Wurare da yawa suna buɗewa bayan tarawihi. Ka sha ruwa sosai bayan buɗa baki, ka ja abokinka ku tafi tare.